Shawara: Makaranta ta dawo mini da ɗana, Hajiya kuma ta ce iska ce

Wasiƙar da ta zo mana:

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kayan gwari a Farin Gada, Jos. Ɗana na uku shekararsa 6. Ya fara kiran Mama da Baba yana da shekara ɗaya da 'yan watanni, sai maganar ta ɗauke. Yanzu yana maimaita tallar rediyo daga farko har ƙarshe, ya haddace ƙananan surori, amma ba zai ce maka yana jin ƙishirwa ba. In an kira sunansa ba ya waiwayowa. Yana kaɗa hannuwa, yana jera marafan kwalba, in maƙwabta suka tayar da injin markaɗe sai ya toshe kunne ya faɗi yana ihu yana buga kai. Makon jiya mai makarantar kuɗin da yake zuwa ta ce mu riƙe shi a gida, wai iyaye sun yi ƙorafi saboda ya ciji wani yaro. Mahaifiyata ta ce iska ce, a kai shi wurin wani mai magani da ke ajiye yara. 'Yan'uwana suna cewa daga dangin matata ne. Ni kaina na sha dukansa, bai canja ba. Zai warke? Kuma ina da bakin magana a kan makarantar?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yaron nan, ya ba ku ladan ɗawainiyarsa.

Abu biyu za mu fara roƙonka kafin komai. Kada ka bari ya kwana ko dare ɗaya a hannun mai maganin da ke ajiye yara, kuma ka ajiye bulala daga yau. Yaron da ba zai iya dawowa ya faɗa maka abin da aka yi masa ba, ba a barinsa inda idonka ba ya kaiwa. Ba a manta da abin da 'yan sanda suka tarar a gidajen mari na Kaduna da Katsina a 2019 ba, mutane cikin sarƙa, jiki duk tabon duka. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can su ma neman sauƙi ne ya kai su. Duka kuwa, ka gwada ka gani da idonka. Ana dukan yaro ne a kan abin da ya san laifi ne ya kuma iya dainawa. Ɗanka ba ya toshe kunne don ya ɓata maka rai, ƙarar ce take yi masa ciwo. In ka dake shi, ka haɗa masa ciwo biyu, sannan ka koya masa cewa wanda ya ji haushi hannu yake kaiwa.

Ba a gane lalura ta wasiƙa, likita ne zai duba shi ya faɗa. Amma abubuwan da ka lissafa, haɗuwarsu a yaro ɗaya, sun yi kama ƙwarai da abin da likitoci ke kira otizim. A Hausa za ka ji ana cewa galahanga, sai dai kalmar ta zama buhun da ake zuba komai a ciki: yaron da aka haifa da lalurar Down, da wanda ya sha wuya wurin haihuwa gaɓoɓinsa suka sandare, da mai otizim, duk sunansu ɗaya a bakin mutane, alhali buƙatunsu sun sha bamban. Otizim yanayin ginuwar ƙwaƙwalwa ne tun daga ciki. Yana taɓa yadda mutum ke mu'amala da magana, da yadda yake jin sauti, haske, taɓawa da ɗanɗano, da kuma son abu ya tafi a tsari ɗaya kullum. Likita Leo Kanner ya bayyana shi a rubuce a Amurka a 1943 bayan ya bi diddigin yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kiyasta kusan yaro 1 cikin 100, kuma an fi gano shi a maza. Ka lissafa yaran unguwarku, za ka san ba gidanka kaɗai ba ne, sauran dai an ɓoye su a ɗaka.

Abin da muke jin ya fi tsorata Hajiya shi ne yadda jikanta ke zuba tallar rediyo da muryar mai tallar, alhali ba ya amsa sallama. Wanda bai sani ba dole ya ce wani ne ke magana da bakinsa. Wannan maimaitawar sananniya ce a otizim. Yawancin yara suna tsintar kalma ɗaya ɗaya su gina jimla. Irin ɗanka kuwa yakan ɗauke jimlar ɗungurungum ya ajiye, wani lokaci ya fito da ita a inda yake ganin ta dace. Ku saurara da kyau: in tallar lemo ce yake yi duk lokacin da ya dawo daga rana, mai yiwuwa ruwa yake nema. Mu a wurinmu wannan alama ce mai daɗi, domin tana nuna kunne na kamawa, ƙwaƙwalwa na ajiyewa, baki kuma na iya furtawa. Ɗaukewar magana tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ita ma an san ta a wani kaso na waɗannan yara. Da yake lokacin ya zo kusa da na allurar rigakafi, za ka ji masu cewa allurar ce. Maganar ta samo asali ne daga rahoton wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, a 1998 a kan yara 12. Mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan, bincike kan dubban ɗaruruwan yara bai sami wata alaƙa ba. Kada ku fasa yi wa ƙannensa rigakafi.

Batun dangin matarka, Malam, kai ne za ka kashe shi, domin 'yan'uwanka ne. Gado na da ƙarfi a otizim, amma ƙwayoyin gadon da yawa ne, kuma ta ɓangaren uba suke zuwa kamar yadda suke zuwa ta ɓangaren uwa. Ba abincin da ta ci da ciki ba ne, ba fitar da ta yi da magariba ba ce, ba kuma sakacin tarbiyya ba ne. Turawa ma sun shafe shekaru suna ɗora wa iyaye mata laifi kafin ilimi ya ƙaryata su. Matar da ke kwana tana tashi da yaron nan ba ta da sauran ƙarfin ɗaukar gorin dangin miji.

Ka tambaya ko zai warke. Gaskiyar da za ta yi maka amfani ita ce otizim ba zazzaɓi ba ne da zai sauka. Da shi zai girma. Amma girma zai yi, yana koyo, yana canjawa, kuma yadda yake a shekara 6 ba shi ne yadda zai kasance a shekara 16 ba. Wasu suna yin magana sosai har su gama jami'a, wasu maganarsu kaɗan ce suna aikin hannu, wasu suna buƙatar mai kula da su iya rayuwa. Duk wanda ya ce maka ya san inda ɗanka zai tsaya tun yanzu, ko ya ce yana da maganin da zai cire abin cikin wata uku, kuɗinka yake so.

A nan ne wani tunani da ya bazu tun ƙarshen shekarun 1990 yake da amfani. Wata masaniyar zamantakewa 'yar Ostireliya, Judy Singer, tana cikin waɗanda suka yaɗa shi, masu otizim da suka girma suka riƙe shi da kansu. Muna iya kiransa bambancin halittar ƙwaƙwalwa. Ma'anarsa ita ce kamar yadda mutane suka bambanta a tsawo da launi da hannun da suke rubutu da shi, haka ƙwaƙwalensu suka bambanta a yadda suke aiki. Mai otizim, da mai ADHD wanda natsuwa wuri ɗaya ke yi wa wuya, da mai disleksiya wanda haruffa ke rikice wa alhali yana da kaifin basira, duk suna cikin wannan bambanci. Da can ana dukan bahago sai ya koma dama, a sami yaro mai mummunan rubutu da tsoron malami, ba a ƙaru da komai ba. Wannan tunani bai ce babu wahala ba. Buga kai da bango wahala ce, rashin iya cewa cikina na ciwo wahala ce, kuma dole a nemi sauƙinsu. Abin da ya ce shi ne a rarrabe abin da ke cutar da yaro da abin da kawai yake ba manya kunya. Kaɗa hannu da jera marafai ba sa cutar kowa, da su yake kwantar da hankalinsa, ku bar masa. Kada kuma ku kama haɓarsa ku ce sai ya kalle ku cikin ido. Da yawansu sun fi fahimtar magana in suna kallon gefe.

Yanzu asibiti. Ka fara da sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, a Lamingo, ko wani babban asibitin da ke da ƙwararren likitan yara. Abu na farko da za ka nema gwajin ji ne a sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Ko da yana jin rediyo, a gwada, domin akwai yaran da ke jin wasu sautuka ba sa jin wasu, kuma ruwa a bayan dodon kunne kaɗai na iya dagula magana. Daga nan wataƙila a tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar yara. Kada sunan sashen ya kore ka, ba hauka ake nufi ba, su ne aka horar a kan wannan. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna otizim. Ana gane shi ne ta tarihin yaro da kallon yadda yake wasa da mu'amala, don haka abin da kuka kawo shi ne rabin aikin. Ku ɗauki bidiyo 3 ko 4 a waya, kowanne minti ɗaya zuwa biyu: yana wasa shi kaɗai, ana kiran sunansa daga baya, yana cikin yara, da lokacin da ya birkice. Yara kan ƙi yin komai a gaban likita, bidiyon ne zai yi magana. Ku zo da katin rigakafi, ku tuna ko ya yi kuka da aka haife shi, ko ya yi ciwon shawara yana jariri, ko sanƙarau, ko zazzaɓin da ya sa shi jijjiga.

Ku gaya wa likita in yana ƙura wa wuri ɗaya ido na 'yan daƙiƙu ba ya amsawa ko an taɓa shi, ko yana faɗuwa yana karkarwa. Farfaɗiya ta fi yawa a masu otizim fiye da sauran yara, ita kuma tana da magani. In ta taso, a kwantar da shi ta gefe, a janye abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa komai, in ta wuce minti 5 a tafi asibiti. A duba haƙoransa da bayan gidansa. Yaron da ba ya magana in haƙori na ciwo ko cikinsa ya ɗaure kwana huɗu, da cizo da buga kai zai sanar, kuma sau da yawa a nan ake samun bakin zaren rigimar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Babu ƙwayar da ke maganin otizim kansa. Akwai wadda likita kan ba da in cutar da kai ta yi tsanani, irin su risperidone, amma tana sa ƙiba da kasala, sai da awo da bibiya. Kada a sayo ta a kemis, kada kuma a riƙa ba shi maganin mura don ya yi barci.

Kafin ku bar asibiti, ka nemi rahoto a rubuce, a takardar asibitin, da sa hannu da hatimi, wanda ya faɗi abin da aka gano da irin taimakon da yake buƙata a makaranta. Ka yi kwafi biyar. Duk ƙofar da za ka ƙwanƙwasa nan gaba wannan takarda za a fara tambaya.

Aikin da ya fi yawa a gida yake, kuma ba sai an jira asibiti ba. Ku sayi littafin rubutu, ku raba kowane shafi gida uku: me ya faru kafin ya birkice, me ya yi, me aka yi masa bayan nan. A sa lokaci da wuri. Mako biyu ana rubutawa, za ku ga abin yana da tsari. Wataƙila kullum dab da azahar ne in yunwa ta kama shi, ko in an canja hanyar zuwa makaranta, ko in an sa masa rigar sanyi mai ƙaiƙayi. Wannan na ƙarshe a Jos ba ƙaramin abu ba ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ana fama da yara a kan suwaita. A sa masa riga mai laushi ta auduga a ciki, a yanke takardar da ke wuyan riga. Injin markaɗe kuwa, ka roƙi maƙwabcin ya riƙa aiko yaro minti biyar kafin ya tayar, a shigar da ɗanka ɗakin da ya fi nisa, a ja masa hular sanyi ta rufe kunne, ko ka sayo abin toshe kunne irin na masu aiki da manyan injuna. Ƙarar da aka sanar da shi zuwanta ba ta kai wadda ta faɗo masa ba zato zafi ba.

Ku bambanta rigimar neman abu da birkicewar da ta fi ƙarfinsa. Mai rigimar neman biskit yana satar kallonka, in ka ba shi ya yi shiru. Wanda ya birkice ba ya ganin kowa, ko ka ba shi abin ba zai karɓa ba. A wannan hali a rage mutane, a kashe rediyo, mutum ɗaya ya zauna kusa ba tare da surutu ba, a sa filo tsakanin kansa da bango. Kada a danne shi rub da ciki, yana hana numfashi. In ya lafa a ba shi ruwa, a bar faɗa. Kuskuren da aka fi yi shi ne gida duka ya taru a kansa, wannan na tofi, wannan na tsawa, wannan na jijjiga shi, wutar da ake son kashewa ake ƙara wa fetur.

Cizo yakan ragu ne in yaro ya sami wata hanyar faɗin abin da yake so. Ku ɗauki hoton kayansa na gaske da waya: kofinsa, kwanonsa, bayin gidanku, ƙofar fita, marafansa, katifarsa. Shida sun isa farawa. A wanke su girman tafin hannu, a lulluɓe da roba a shagon kwamfuta. Ana farawa da abin da ya fi so. Mutum ɗaya ya riƙe marafan a gabansa, wani a bayansa ya kama hannunsa ya ɗauki hoton ya miƙa, nan take a ba shi a ce "marafai". A yi haka sau da yawa a yini, ana rage kama hannun a hankali har ya miƙa da kansa. Inda abin ke lalacewa uku ne: a fara da hotuna ashirin lokaci ɗaya, ko a jinkirta ba shi abin bayan ya miƙa, ko a ce sai ya furta kalmar tukuna. Hoto ba ya hana magana fitowa, yakan ma jawo ta. In za ku yi masa magana, kalma biyu ko uku: "zo ci", "sa takalmi". Sai ku yi shiru ku ƙirga goma a zuci. In kun maimaita da wuri, kun katse masa tunani ya koma farko. In wani malami ya ce ku daina yi masa Hausa sai Turanci kaɗai, kada ku yarda. Bincike bai nuna harshe biyu na cutar da waɗannan yara ba, kuma raba shi da Hausa raba shi ne da kakarsa.

Wani gargaɗi da ya shafi Jos musamman: yara masu otizim da yawa suna sulalewa su fita ba tare da an sani ba, kuma ruwa na jan su. Garin nan da kewayensa cike suke da kududdufan da haƙar kuza ta bari, masu zurfi, ga rijiya a gidaje da yawa. A yi wa rijiya murfi mai kwaɗo, a sa sakata a sama inda hannunsa ba ya kaiwa, a ɗinka lambar wayarka a cikin rigunansa. Masu shago da 'yan Keke na layinku su san shi, su san ba ya amsa kira. Ranar da aka neme shi aka rasa, wurin ruwa za a fara dubawa. Wannan ma dalili ne na daina ɓoye shi: unguwar da ta san yaro ita ke dawo da shi.

Sai makaranta. E, kana da bakin magana. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ake kira dokar 2018. Ta hana kowane mutum ko ma'aikata nuna wa wani bambanci saboda nakasarsa, ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum, naira miliyan 1 ga kamfani ko ma'aikata. Nakasa a dokar ba ta tsaya ga ƙafa da ido da kunne ba, ta haɗa da ta ƙwaƙwalwa da fahimta. Ta ba nakasasshe haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar kowa da ajiye aƙalla ma'aikaci ɗaya mai horo, ta ce a ba nakasasshe fifiko a layi, ta kuma hana yawon bara da shi. Ita ta haifar da Hukumar Nakasassu ta Ƙasa da ke Abuja a 2020. Filato ma ta riga gwamnatin tarayya yin tata dokar, tana da hukumar kare haƙƙin nakasassu a Jos. Ba mu ɓoye maka cewa tsakanin takarda da aji akwai tafiya mai nisa ba. Amma dokar da ba a taɓa ɗaga wa kowa ba, barci take yi.

Kafin ka je makarantar, ka fara zuwa gidan yaron da aka ciza. Ka ba da haƙuri, ka biya kuɗin magani in an kashe, ka yi musu bayani. Shi ma ɗan wani ne, yana da haƙƙin zama aji ba tsoro, kuma uban da ya ga ka tako har gida da wuya ya ci gaba da zuga iyaye. Sannan ka rubuta wa mai makarantar takarda gajera cikin ladabi: ranar da aka ce a riƙe shi, roƙon a ba ka dalili a rubuce, da neman zama. Ka kai kwafi biyu, a sa hannu da kwanan wata a naka. Maganar baka a bakin get gobe za a ce ba a yi ba. A zaman, ka tambayi me ya faru dab da cizon. Sau da yawa za ka ji an ƙwace masa abu, ko yara sun kewaye shi suna tsokana, ko an tsare shi a taron safe kusa da ganga. Ka kawo buƙatu ƙanana da ba sa cin kuɗi: ya zauna gaba ta gefen ƙofa, a yafe masa taron safe, a ba shi wuri shiru da zai je minti biyar in ya fara toshe kunne, a bar shi da hotunansa, a sanar da shi kafin a canja darasi, babu bulala, a sa masa ido lokacin tara domin a nan ake tsokana. Ka nemi gwajin mako 6, a fara da awa biyu a rana ana ƙarawa, da littafin da malama za ta rubuta layi biyu kullum ku ma ku amsa. In da hali, a samo mai zama kusa da shi a aji. Jami'ar Jos na da daɗaɗɗen sashen koyar da ilimin masu buƙata ta musamman, ɗalibansa da waɗanda suka gama su ne wurin farko da za ka nema. A gaya wa mai zaman cewa aikinsa ya riƙa ja da baya a hankali, in ya zama shi ke rubuta masa komai yana ba shi abinci a baki, an biya kuɗi an sayi koma baya.

In ta ƙi zama ko ta ƙi ba da dalili, ka kai kwafin takardarka da rahoton likita hukumar nakasassu ta jiha, da Ma'aikatar Ilimi wadda ke ba makarantun kuɗi izini, da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Kai ƙorafi ba ya buƙatar lauya, kuma galibi da sulhu ake farawa. Sai dai a ra'ayinmu, kai ƙara daban, zaɓar inda ɗanka zai yini daban. Makarantar da aka tilasta wa karɓarsa tana iya ajiye shi a bayan aji shekara guda ba a koya masa komai ba. Ka kai ƙorafin ko da ka yanke shawarar canja masa wuri, saboda yaron da zai zo bayansa, wanda wataƙila ubansa ba ya iya rubuta takarda. Masu fafutukar adalci ga nakasassu a nan suke kafa hujja: a Abuja mai kuɗi na iya biyan cibiyar da ke da masu koyar da magana, ɗan mai kayan gwari kuwa makarantar unguwa ce gatansa, in ita ma ta rufe ƙofa an gama da shi. In za ka duba sabuwar makaranta, ta musamman ce ko ta kowa, ka nemi a bar ka ka zauna a aji rabin awa. Wadda ta hana ka, ka wuce. Ka ƙirga yara nawa ke gaban malami ɗaya, ka duba ko akwai bulala a kan tebur, ko get na rufe, da wanda ke raka yara bayi. Wannan na ƙarshe ka tsananta a kansa, domin masu lalata yara suna neman wanda ba zai iya ba da labari ba. Haka za ka yi da malamin Islamiyya: yaron da ke haddace sura da ji ɗaya yana da rabo a can, a ba shi rabin awa kusa da malam, nesa da ƙarar sauran.

Hajiya kuwa, kada ka tunkare ta da cewa ba ta sani ba. Tsoro da ƙauna ne suka sa ta magana, hannunka kuma ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ita ma ta san haka game da jikanta. Ka ce mata addu'a tata ce, ta yi masa safe da yamma, a gida, a gabanku. Iyakar da za ka ja ita ce babu duka, babu ɗauri, babu turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, babu hana abinci, babu jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, kuma in likita ya ba da maganin farfaɗiya ba mai dakatar da shi. Ka tuna mata cewa saboda makaho, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, aka saukar da farkon Suratu Abasa, kuma neman ilimi ne ya kawo shi. Sannan ka ba ta aiki: ita ce za ta riƙe hoton kofi, duk lokacin da ya miƙa mata ta ba shi ruwa. Kakar da jikanta ya fara "yi wa magana" da hoto ba ta cika komawa zancen iska ba.

Ranar asibiti ka bar wa yaron shago rumfa, ku tafi tare da mahaifiyarsa. Ita ta san tarihin, kai kuma kana buƙatar jin bayanin daga bakin likita da kunnenka, domin kai za ka maimaita shi a gaban 'yan'uwanka. Ku ɗauki abincin da ya saba ci, da ruwa, da marafansa a leda, da hular nan ta kunne. Layin yana da tsawo, in ya fara damuwa ka sami ma'aikaciyar jinya ka gaya mata halin da yake ciki, ka roƙi a shigar da ku da wuri ko a bar ɗayanku ya jira da shi a waje har a kira lambarku.